Karatun Lissafi da Ƙididdiga a Jami'a: Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Jurewa da Ayyukan da Yake Kaiwa

Wanda ya ce likitanci zai karanta ko injiniyanci, ba a tambayarsa abin da zai zama, domin sunan aikin yana cikin sunan kwas ɗin. Wanda kuwa ya ce lissafi ya zaɓa ko ƙididdiga, tambayar da ke biyo baya kusan guda ce a ko'ina: in ka gama, sai koyarwa ke nan? Tambayar tana da tushe, domin wannan digiri ba ya miƙa wa mutum aiki da sunansa a rubuce. Abin da yake bayarwa shi ne horo a kan tsantsar tunani da iya sarrafa alƙaluma, kuma horon ba ya zama abin dogaro sai ɗalibi ya haɗa shi da abubuwa biyu da ƙoƙarin kansa, wato sanin kwamfuta da sanin wani fage na rayuwa da zai yi aiki da lissafin a cikinsa. A kan wannan fahimta aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ka san irin lissafin da za ka tarar

A sakandare, malami yakan nuna hanya, ɗalibi ya bi ta, amsa ta fito, a ba shi maki. A jami'a kuwa, musamman daga shekara ta biyu, tambayar takan sauya daga "nawa ne amsar?" ta koma "me ya sa dole haka ne, kuma ta yaya za ka tabbatar?" Ɗalibai da yawa da suka saba zama na ɗaya a aji sukan gigice a nan, su ɗauka basirarsu ce ta gaza, alhali kuwa aikin ne ya sauya salo ba tare da an faɗa musu ba.

Ga misalin da zai nuna bambancin. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 da kuma su kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Leonhard Euler, babban masanin ƙarni na 18, ya lura da wani tsari: ka ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara lambar da ka ɗauka a kan abin da ya fito, sannan ka ƙara 41. In ka fara da 0 za ka sami 41, da 1 ka sami 43, da 2 ka sami 47, da 3 ka sami 53, kuma dukkansu irin waɗancan lambobi ne marasa rabuwa. Haka abin zai ci gaba har zuwa 39, sau 40 a jere ba tare da kuskure ba. Mai gaggawa zai rantse cewa ya gano doka. Amma da ka saka 40 sai 1,681 ta fito, wadda ita ce 41 sau 41. Misalai 40 ba su tabbatar da komai ba, misali guda ya rushe zancen.

Hujja kuwa ga kamanninta. In ana so a nuna cewa duk lambobi biyu da ba sa rabuwa biyu daidai, in an tara su, jimlarsu tana rabuwa biyu, ba a tsayawa jero misalai. Ana cewa ta farko ita ce 2a + 1, ta biyu 2b + 1, inda a da b suke tsaye a madadin kowaɗanne cikakkun lambobi, jimlarsu 2a + 2b + 2, wato 2 sau (a + b + 1), magana ta ƙare ga dukkan lambobin da ke akwai. Ka auna kanka da wannan. In ka ji wani daɗi a ranka ganin layi guda ya rufe lambobi marasa iyaka, to kana da abin da kwas ɗin yake nema, ko da ba ka da saurin lissafin ka. Saurin ninkawa da rabawa ba shi da wani babban matsayi a jami'a, haƙuri da matsala guda na tsawon kwanaki shi ne jarin.

Mataki na biyu: zaɓen reshe

Galibin jami'o'i suna da hanyoyi uku, ko da sunayensu sun bambanta. Akwai lissafi zalla, wanda ke nazarin lambobi da siffofi da tsare-tsare domin su kansu. Akwai lissafin aikace, wanda ke gina ma'aunai na abubuwan zahiri, irin su gudanar ruwa, yaɗuwar zafi, yaɗuwar annoba da zirga-zirgar ababen hawa. Sai ƙididdiga, wadda aikinta shi ne yanke hukunci daga bayanan da ba su cika ba, tare da faɗin iyakar tabbacin da ke cikin hukuncin. Wasu jami'o'in suna haɗa lissafi da kimiyyar kwamfuta, ko da tattalin arziki, ko da ilimin koyarwa a digiri guda.

Kada sunan digiri ya ishe ka. Ka nemi jerin kwasa-kwasan sashen na dukkan shekaru ka karanta, ka duba ko akwai darasin rubuta manhaja, ko ana koyar da ƙididdiga da bayanai na gaske a kwamfuta, ko akwai damar ɗaukar kwas daga wani sashe, ko kuma akwai lokacin horon sanin makamar aiki. Ka yi magana da ɗaliban shekarar ƙarshe, domin su ne suka san abin da ake koyarwa a zahiri. A ra'ayina, wanda bai yanke shawara ba gara ya zaɓi shirin da ya haɗa lissafi da ƙididdiga, domin mai tushen lissafi yana iya komawa ƙididdiga ko kimiyyar bayanai daga baya cikin sauƙi, amma wanda ya tsallake tushen yakan sha wuya in ya zo neman sa a digiri na biyu. Sharuɗɗan shiga kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a shafin jami'ar da kake nema za ka tabbatar da su, ba a bakin mutane ba.

Mataki na uku: gyaran tushe kafin a fara

Watannin da ke tsakanin gama sakandare da shiga jami'a suna da daraja. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a kalkulus, darasin nazarin sauyi da ake fara yi a jami'a, shi ne raunin aljabra, wato sarrafa ɓangarorin lamba, warware baka, dokokin logaridim da alaƙoƙin kusurwoyi. Ka ɗauki littafin sakandare mai yawan atisaye ka yi su da hannunka har sai hannun ya daina tuntuɓe. Ka kuma saba da zana hoton kowace alaƙa a takarda kafin ka nemi na'ura ta zana maka.

Mataki na huɗu: shekarun farko da yadda ake karatunsu

Darussa huɗu ne ginshiƙan digirin. Kalkulus yana nazarin sauyi da tarawa, wato saurin da abu ke canzawa da kuma jimlar ƙananan canje-canje. Aljabrar matris tana koyar da sarrafa lambobi masu yawa a jere a lokaci guda, kuma ina roƙon kowane ɗalibi ya ba ta kulawa ta musamman, domin a kanta aka ɗora mafi yawan dabarun ƙididdiga na zamani da na ƙirƙirarriyar basira, ga shi kuma ɗalibai sukan raina ta saboda farkonta yana da sauƙi. Ilimin yiwuwa yana auna rashin tabbas. Na huɗu shi ne analisis, inda ake komawa a tono tushen kalkulus a tabbatar da kowace ƙa'ida daga farko, kuma a nan ne gumi ya fi zuba.

In analisis ya ba ka wuya, ka tuna cewa Isaac Newton da Gottfried Leibniz sun samar da kalkulus a rabin ƙarshe na ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19 Augustin Cauchy da Karl Weierstrass da wasu suka kafa masa ingantaccen tushe. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da shekara 100 shi ake so ka fahimta a zangon karatu guda, saboda haka jin nauyinsa ba alamar gazawa ba ce.

Yadda ake karatun ya fi yawan sa'o'in muhimmanci. Ba a karanta littafin lissafi hannu sake, sai da biro da takarda. Ka fara da ma'anar kowace kalma kamar yadda aka gindaya ta, ka haddace ta daidai, sannan ka ƙirƙiro misali guda da ya cika sharuɗɗanta da wani da bai cika ba. In ka zo kan ƙa'ida, ka tambayi kanka abin da zai faru in an cire ɗaya daga cikin sharuɗɗanta, domin ta haka ne za ka gane dalilin da ya sa aka saka shi. In ka karanta hujja, ka rufe littafin ka sake gina ta da kanka. Wurin da ka tsaya cik, nan ne ainihin abin da ba ka gane ba, kuma shi za ka kai wa malami. Tambayar da ke cewa "ban gane yadda aka tashi daga layi na uku zuwa na huɗu ba" tana samun amsa mai amfani fiye da "ban gane komai ba".

Atisaye shi ne karatun kansa. Kallon malami yana warware matsala a allo yakan sa mutum ya ji kamar ya iya, kamar yadda mai kallon masaƙi yake ganin saƙa abu ne mai sauƙi har sai an miƙa masa zaren. Ka ba kowace matsala lokacinta kai kaɗai kafin ka duba amsa ko ka tambayi wani, sannan ka zauna da abokai biyu ko uku kowa ya bayyana hanyarsa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya taimakawa wajen bayani, amma sukan kawo hujja mai kyan gani da ɓaraka a cikinta, kuma wanda bai horu ba ba zai hango ɓarakar ba. Mafi muni shi ne suna ɗauke maka wahalar da ita ce take gina ƙwaƙwalwar. Ka kuma kiyayi tara karatu sai jarrabawa ta matso, domin kowane mako a kan na bayansa yake zaune, wanda ya bari makonni uku suka wuce shi zai zauna a lakca yana jin magana kamar da wani harshe ake yi.

Mataki na biyar: koyon tunanin ƙididdiga

Kuskure ne a ɗauki ƙididdiga a matsayin tarin dabarun da ake haddacewa. Tambayarta ta farko kullum ita ce: daga ina bayanan nan suka fito? A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 2 game da zaɓen shugaban ƙasa, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye da yawa daga kundin masu wayar tarho da masu mota, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci sauran jama'a ba. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da samfurin mutanen da aka zaɓa aka tambaya wanda bai kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Yawan bayanai ba ya gyara karkatar da ke cikin hanyar tattara su, kuma wannan darasi ya fi muhimmanci a yau da bayanai suka yi yawa a intanet.

Ga wani misali na ƙaddarawa da ya kamata kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. A ce wata cuta tana kama mutum 1 cikin 100, gwajinta yana gano 90 cikin 100 na masu ita, yana kuma yin kuskure a kan 5 cikin 100 na masu lafiya. In an gwada mutum 10,000, masu cutar 100 ne, gwajin zai nuna 90 daga cikinsu. Masu lafiya 9,900 ne, gwajin zai nuna 495 daga cikinsu bisa kuskure. Ke nan cikin mutum 585 da gwajin ya nuna, 90 ne kaɗai suke da cutar, wato kimanin kashi 15 cikin 100. Wanda ya iya wannan lissafi, ya kuma iya bayyana shi ga likita ko manajan da bai karanta ƙididdiga ba, ya riga ya mallaki abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Ka mai da hankali sosai ga darussan tsara gwaji, zaɓen samfuri da dabarun gano alaƙa tsakanin abubuwa, kana tuna cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya kafa tsarin raba gwaji ta hanyar ƙuri'a domin magance wannan matsala, kuma a kan tsarin ne ake gwada magunguna har yau.

Mataki na shida: kwamfuta, tun daga shekarar farko

Kada ka jira sashe ya koya maka. Ka zaɓi harshen rubuta manhaja guda tsakanin Python da R, dukkansu kyauta ne, ka riƙe shi har ka ƙware kafin ka taɓa na biyu. R ya fi karkata ga ƙididdiga, Python kuma ya fi faɗin amfani. Ka ƙara da SQL, wanda da shi ake ciro bayanai daga rumbunan ma'aikatu, ka kuma iya Excel da kyau, domin a ofisoshi da yawa shi ne abin da kowa yake buɗewa. Mai niyyar bincike zai buƙaci LaTeX domin rubuta lissafi.

Hanya mafi albarka ita ce ka mayar da darasin aji ya zama manhaja. In an koya maka wata ƙa'ida ta yiwuwa, ka sa kwamfuta ta jefa ƙuri'a sau 100,000 ka ga ko abin da aka faɗa ya fito. Daga nan ka sauko da bayanai na gaske, irin waɗanda Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke sakawa kyauta a shafukansu, ka yi fama da guraben da ba a cike ba da kurakuran shigarwa, domin gyaran bayanai yana cin kaso mai yawa na lokacin ma'aikaci, kuma ba kasafai ake koyar da shi a aji ba.

Mataki na bakwai: zaɓen fage da sanin ayyukan

Zuwa tsakiyar digiri ya kamata ka fara karkata ga wani fage, ka ɗauki kwasa-kwasan zaɓi a cikinsa, ka nemi horon aiki a can, ka kuma ɗora aikin bincikenka na shekarar ƙarshe a kansa.

Lissafin inshora da fansho yana daga cikin tsofaffin hanyoyi. Tun 1693 Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga bayanan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau, kuma aikin masanin wannan fage har yau shi ne ƙiyasta abin da kamfani ko asusu zai biya nan da shekaru masu yawa, da abin da ya kamata ya tara domin haka. Kamfanonin takaful ma suna buƙatar irin wannan ƙwarewa. Sai dai digiri kaɗai ba ya isa, akwai jerin jarrabawar ƙwararru masu tsauri da ƙungiyoyin sana'ar suke shiryawa, waɗanda ake yi ana aiki, kuma sukan ɗauki shekaru. Wanda ya zaɓi wannan hanya gara ya fara jarrabawar farko tun yana ɗalibi.

Ƙididdigar lafiya fage ne da nake ganin ɗalibai ba sa ba shi darajar da ta kamace shi. Gwajin maganin streptomycin a kan tarin fuka da aka wallafa a Birtaniya a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara ɓangaren ƙididdigarsa, ya zama abin koyi ga gwajin magunguna na zamani, kuma a yau ba a amincewa da sabon magani ko rigakafi sai da aikin masana ƙididdiga. Akwai guraben aiki a kamfanonin magunguna, cibiyoyin bincike, ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji, mafi yawansu kuma suna son digiri na biyu.

Hukumomin ƙididdiga na ƙasashe da manyan bankuna suna ɗaukar masu tsara ƙidayar jama'a, masu auna hauhawar farashi da rashin aikin yi. Bankunan kasuwanci suna neman masu auna haɗarin bashi da gano zamba. Kamfanonin sadarwa, na sufuri da na ciniki suna neman masu nazarin bayanai, kuma wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa ga mai digirin farko da ya iya SQL da Python. Akwai kuma fagen tsara aiki domin rage asara, wanda ya bunƙasa bayan George Dantzig ya fito da dabararsa a 1947, kuma da irinta ake tsara jadawalin jiragen sama da rarraba kaya. Mai son lissafi zalla ma yana da wurin zuwa bayan jami'a: tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara ne a kan wahalar gano lambobi marasa rabuwa da aka ninka suka ba da wata babbar lamba, wato irin lambobin da muka gani a misalin Euler.

Koyarwa kuwa aiki ne mai daraja da ya kamata a shige shi da niyya, domin ɗalibai da yawa da suka tsani lissafi sun tsane shi ne saboda ba su sami wanda ya fahimce shi ya koya musu ba. Mai wannan niyya ya nemi takardar shaidar koyarwa bayan digiri, in shirinsa bai ƙunshe ta ba.

Mataki na takwas: ƙarin karatu da neman aiki

Mai son zama malamin jami'a ko mai bincike yana buƙatar digiri na biyu da na uku, kuma shirin yana farawa ne da kyakkyawan sakamako da kuma malamai biyu ko uku da suka san aikinsa sosai har za su iya rubuta masa takardar shaida mai ma'ana. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a 2003 kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma take da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, tana ba ɗaliban Afirka digiri na biyu a kimiyyar lissafi tare da tallafin karatu. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin difloma na shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa da ke shirin digiri na uku. Ka duba ranakun rufe karɓar takardu tun farkon shekararka ta ƙarshe, domin sukan zo kafin a gama jarrabawa.

Mai neman aiki kai tsaye kuma ya sani cewa tallan guraben da suka dace da shi ba kasafai suke ɗauke da kalmar lissafi ba, sukan ce ana neman mai nazarin bayanai, mai auna haɗari, jami'in sa ido da tantance ayyuka ko mataimakin bincike. A takardar neman aiki, maimakon jero sunayen kwasa-kwasai, ka kawo ayyuka biyu ko uku da ka kammala, kowanne da tambayar da ka ɗauko, inda ka samo bayanai, dabarar da ka bi da abin da ka gano, ka kuma ajiye su a shafin intanet irin GitHub inda mai ɗaukar aiki zai iya buɗewa. Kafin ranar ganawa, ka gwada bayyana ɗaya daga cikinsu cikin minti 3 ga wanda bai karanta lissafi ba, ka maimaita har sai ya iya faɗa maka da bakinsa abin da ka gano da kuma iyakar tabbacin da ke cikinsa.